Kagurabachi: barkwancin intanet ne ya ɗaga shi, ko labarin ne ya ɗaga kansa?

Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna a kan Kagurabachi, labarin zanen nan na Japan da Takeru Hokazono yake rubutawa yake kuma zanawa, wanda ya fara fitowa a mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha a watan Satumba na 2023. Waɗanda suke bibiyar manga, wato irin waɗannan labaran zane na Japan, a lokacin za su tuna cewa tun kafin babin farko ya fito, hoto guda ɗaya na tauraron labarin, Chihiro, yana zare takobi, ya mamaye Twitter da TikTok, mutane suna ta kuranta shi da gangan suna cewa ba a taɓa yin labari kamarsa ba, alhali babu wanda ya karanta ko shafi ɗaya daga cikinsa. Kowa ya san raha ake yi. Abin mamaki shi ne, ba a cika shekara ba sai ga labarin ya zo na ɗaya a rukunin littattafan da ake bugawa a takarda na gasar Next Manga Award ta 2024, kuma a 2025 kwafin da aka buga ya haura miliyan biyu. Tambayata ita ce: shin wannan ɗaukaka ta cancanta, ko kuwa raha ce ta yi nisa har masu yin ta suka manta cewa da wasa suka fara?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, ni ra'ayina a fili yake, kuma na san ba zai yi wa matasan wannan zaure daɗi ba. Yaro ya ga an kashe mahaifinsa a gabansa, an sace kayan gadonsa, ya ɗauki makami ya fita neman fansa da tabo a fuska da baƙaƙen kaya. Wane sabon abu ne a nan? Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya da na Sin ya haddace wannan tun yana ƙarami. Ko a cikin mujallar da take buga shi, takobi ba baƙo ba ne: an yi Rurouni Kenshin daga 1994 zuwa 1999, an yi Bleach daga 2001 zuwa 2016, sannan Kimetsu no Yaiba ya zo daga 2016 zuwa 2020 ya girgiza kasuwar littattafai gaba ɗaya. Da a ce Kagurabachi ya fito shiru kamar yadda sababbin labarai suke fitowa, ina kyautata zaton da tuni an rufe shi an manta. Sa'a ce ta gamu da shi, kuma ban ga laifin sa'a ba, sai dai a kira ta da sunanta.

Abdulkarim:
Malam Habibu, da girmamawa, akwai wani abu a tsarin wannan mujalla da ya kamata mu sa a gaba kafin mu yanke hukunci. Jump tana dogara ne ƙwarai da ƙuri'ar masu karatu na cikin Japan, inda ake tambayarsu kowane mako su zaɓi labarai uku da suka fi burge su a fitowar. Labarin da ya daɗe a ƙasa ana datse shi, wani lokaci cikin watanni huɗu ko biyar kacal, komai kyawun zanensa. Sannan a duba yawan kwafin littafin da aka saya idan an tara babi-babi an fitar da juzu'i. To masu barkwancin nan na Twitter galibinsu a Amurka da Turai da sauran ƙasashe suke, ba su da ƙuri'a a wannan zaɓe, kuma ba su ne suke shiga shagunan littattafai na Tokyo da Osaka ba.

Ga misali na kusa. A cikin watan nan guda na Satumba 2023 mujallar ta ƙaddamar da sababbin labarai uku a jere: MamaYuyu, da Kagurabachi, da Two on Ice. MamaYuyu ma ya samu masoya masu zafi a ƙasashen waje, har wasu suna cewa shi ne ya fi cancanta da hayaniyar da ake yi. Duk da haka shi da Two on Ice an kammala su a watan Afrilu na 2024. Kagurabachi ne kaɗai ya tsira, kuma lokacin da juzu'insa na farko ya fito a Fabrairu 2024 sai da ya ƙare a shaguna aka sake bugawa. Mutumin Japan da ya ciro kuɗinsa ya saya bai yi haka don ya taya wani baƙo raha ba.

Malam Habibu:
Na ji wannan hujja, kuma tana da nauyi. Amma ɗan'uwa, kada mu ɗauka editocin Shueisha makafi ne. Tun Janairu 2019 suka buɗe manhajar Manga Plus domin masu karatu na waje, kuma suna ganin alƙaluman masu buɗe kowane babi. Babin farko na Kagurabachi ya haye sahun gaba a manhajar cikin 'yan kwanaki, kafaɗa da kafaɗa da labaran da suka shekara goma suna gina suna. Editan da ya ga haka zai ƙara wa labarin haƙuri ko da ƙuri'ar gida ta yi rauni a makonnin farko, kuma wannan haƙurin shi ne abin da sauran sababbin marubuta ba sa samu. Ka ƙara da cewa mujallar ta san manyan ginshiƙanta biyu suna gab da faɗuwa, domin My Hero Academia ya ƙare a Agusta 2024, Jujutsu Kaisen kuma a ƙarshen Satumba na shekarar. Suna cikin matsananciyar buƙatar magaji, sai ga wanda duniya take kiran sunansa kyauta.

Zainab A.:
Ina neman izini in shigo, domin ina ganin ana ta maganar kasuwa an bar labarin kansa a gefe. Malam Habibu ya ce labarin fansa ne kawai, kuma idan mutum ya tsaya a babi biyu ko uku na farko, ba zan ga laifinsa ba. Ni ma a nan na ga ƙwarangwal ɗin da aka saba. Abin da ya bambanta shi yana bayyana ne idan aka duba wane ne mahaifin da aka kashe. Kunishige Rokuhira maƙeri ne, bai taɓa zama mayaƙi ba. Shi ya ƙera takubba shida masu sihiri waɗanda suka kawo ƙarshen wani yaƙi, aka ɗauke shi gwarzon ƙasa, sannan bayan yaƙin ya tattara takubban ya ɓoye, ya koma zaman kaɗaici da ɗansa da 'yan kifayen ado a cikin kwano. Ƙungiyar matsafa da ake kira Hishaku ta kashe shi ta kwashe shidan, aka bar wa Chihiro na bakwai, Enten, wanda duniya ba ta san da shi ba.

Saboda haka tambayar da labarin yake ɗauke da ita tun farko ita ce: wanda ya ƙera makami, wane alhaki ne a wuyansa idan makamin ya bar hannunsa? Wannan ya fito sarai a kan Sojo, abokin gaba na farko mai nauyi. Sojo dillalin makamai ne mara imani, amma shi ma masoyin Kunishige ne na haƙiƙa, ya nazarci aikinsa, kuma ya yi imani cewa ya fi ɗan cikinsa fahimtarsa. A wurinsa, wanda ya ƙera abin da zai hallaka dubbai ya san abin da yake yi, kisa shi ne manufar takobin. Chihiro ya tashi da fahimtar cewa an yi takubban ne domin kare marasa ƙarfi. Abin da ya burge ni shi ne marubucin bai sauƙaƙa wa tauraronsa ba, domin takobin da yake hannun Sojo, ɗaya daga cikin shidan da aka sace, yana amsa masa yadda ya kamata, yana ƙara ƙarfi bisa fahimtarsa, wato takobin bai ƙaryata shi ba. Dole Chihiro ya yarda cewa aikin mahaifinsa yana karɓar wannan mummunar fassara kamar yadda yake karɓar tasa. Duk wannan ya faru kafin babi na 20, daidai lokacin da ake yanke wa sababbin labarai hukunci, kuma a nan ne na ga mutanen da suka zo yin dariya sun gyara zama.

Nasiru:
Malama Zainab, kin taɓo inda nake so a je. Ƙasar da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945, idan ɗanta ya rubuta labarin makamai shida da suka kawo ƙarshen yaƙi, kuma wanda ya ƙera su ya rayu da nauyinsu, mai karatu ba ya buƙatar a yi masa bayani. Sai dai ina roƙon kowa ya kiyaye, kada a fallasa abin da aka bayyana daga baya game da ainihin yadda yaƙin ya ƙare, domin akwai waɗanda ba su kai wurin ba.

Zainab A.:
Na kiyaye. Zan tsaya a kan cewa labarin bai bar gwarazan yaƙin da tsabtar da aka fara nuna su da ita ba.

Ƙanin Maƙera:
Ni abin da ya fara jawo ni shi ne shafukan farko, inda aka nuna uba da ɗa a maƙera. Na taso kusa da masu wannan sana'a, don haka idona yana saurin kama wanda ya zana wuta da uwar maƙera bai taɓa tsayawa kusa da su ba. A nan an nuna dukan ƙarfe da naɗe shi da tsoma shi a ruwa cikin nutsuwa, ba a yi gaggawar zuwa wurin faɗa ba. Kuma sana'ar tana nan da ranta a Japan har gobe. Ana narka baƙin yashi mai ƙarfe da gawayi a wani murhun yumɓu da suke kira tatara, a kwana uku ana hura wuta ba dare ba rana, kafin a samu ƙarfen da suke kira tamahagane, kuma a lardin Shimane ake wannan aiki. Mai son zama maƙerin takobi sai ya yi aƙalla shekara biyar a ƙarƙashin ubangida kafin hukuma ta ba shi lasisi, sannan an ƙayyade masa dogayen takubba biyu a wata. Tun 1876 gwamnatin Meiji ta hana jama'a yawo da takobi a bainar jama'a. Marubucin ya ɗauki Japan ta zamani mai motoci da jiragen ƙasa da wayar salula, ya mayar da takobi ƙugun mutane a kan titi, kuma wannan haɗin yana cikin abin da ya ba zanen kamanninsa na daban.

Malam Habibu:
To, na karɓi maganar Malama Zainab a kan Sojo, domin na karanta wannan sashe kuma ban musa cewa shi ne ya fi ƙarfi a farkon labarin ba. Amma bari in faɗi inda har yanzu nake da ja. Chihiro kansa mutum ne mai sanyi ƙwarai, fuskarsa ɗaya ce daga safe har dare, kuma yana sare mutane da dama a shafi guda ba tare da mai karatu ya ji nauyin ran ko ɗaya daga cikinsu ba. Labarin da yake da'awar yana tambaya a kan alhakin kisa, bai kamata ya mayar da kisan ado ba. A ganina marubucin yana so ya ci riba biyu: ya yi wa'azi a kan makami, kuma ya sayar da kyawun makamin.

Abdulkarim:
Wannan suka ce mai ma'ana, Malam, kuma ba na jin akwai labarin faɗa da ya kuɓuta daga gare ta gaba ɗaya. Sai dai kyawun da kake magana a kai shi ne rabin dalilin da ya sa labarin ya yaɗu, don haka ya cancanci a dube shi da kyau. Hokazono, wanda aka haifa a 2000, yana da shekara 23 lokacin da labarin ya fara, kuma ya sha faɗin cewa finafinan Amurka irin su John Wick sun yi tasiri a kansa, tare da Naruto da ya taso yana karantawa. Ana ganin haka a yadda yake tsara shafi kamar mai riƙe da kyamara. Zai nuna hannu a kan ƙotar takobi a ƙaramin akwati, ka juya shafi sai ka tarar an riga an gama, mutane suna faɗuwa, shi kuma yana tsaye a can gefe, saran kansa ba a nuna maka ba. Sannan ƙarfin takobinsa yana fitowa ne a siffar kifayen nan na gidan mahaifinsa: baƙi mai yanka daga nesa, ja mai shanye harin abokin gaba ya mayar masa, da mai launi uku da yake ƙara masa sauri. Babban baƙin kifi yana iyo a iska a tsakiyar ɗakin da aka cika da 'yan daba, ga tawada baƙa ƙirin a kan farar takarda, hoto ne da mutum zai gane ko daga nesa. A zamanin da labari yake yaɗuwa ta hanyar hoto ɗaya da wani ya ɗauka ya tura wa abokinsa a waya, mai irin wannan zane ya riga ya yi gaba.

Game da sanyin Chihiro kuwa, ina ganin marubucin ya san da matsalar, shi ya sa ya kewaye shi da masu surutu: Shiba abokin mahaifinsa, da wata ƙaramar yarinya mai suna Char, sannan wani matashi mai suna Hakuri.

Zainab A.:
Hakuri ne ma amsar da zan ba Malam Habibu. A sashe na biyu, inda ake gwanjon ɓoye na Rakuzaichi wanda dangin Sazanami suka shafe fiye da shekara ɗari biyu suna gudanarwa, an kawo wani uban na daban, Kyora, wanda ya fifita gadon gidansu a kan 'ya'yan da ya haifa, ya kori ɗansa Hakuri saboda yana ganin ba shi da amfani. Sai aka jera yara biyu: ɗaya mahaifinsa ya ƙaunace shi ya bar masa gado mai nauyi, ɗayan mahaifinsa ya wulaƙanta shi saboda gado. A gwanjon nan har mutane ake sayarwa, kuma a ƙarshe abin da ya fi damun Chihiro shi ne fitar da waɗanda aka tsare, ko da hakan zai sa takobin mahaifinsa da ya zo nema ya kuɓuce masa. Daga nan ne na daina kallonsa a matsayin mai neman fansa kawai. Inda zan goyi bayan masu suka shi ne wajen mata: in ban da wata mayaƙiya mai suna Hiyuki, wadda take da ƙarfi da baki, matan da suke da tasiri a farkon labarin ba su da yawa, kuma sau da dama yara ne da ake ceto.

Maman Sadik:
Ku gafarce ni, ni tambayata ta iyaye ce. Ɗana mai shekara 13 yana ta naci in bar shi ya karanta a wayata, yana cewa ai na yara ne tunda zane ne. Daga abin da kuke faɗa, ban ga alamar haka ba.

Nasiru:
Hajiya, gaskiya ba na ƙananan yara ba ne. Mujallar dai an yi ta ne domin samari matasa, amma wannan labari yana da jini sosai, ana sare hannaye da kawuna a fili, akwai kuma azabtar da ƙaramar yarinya a sashen farko. Batun tsafi da sihiri kuma shi ne ginshiƙin duniyar labarin, ko da yake na ƙage ne irin na tatsuniya. Shawarata ita ce ki fara dubawa da kanki. A Manga Plus ana karanta babi uku na farko da uku na ƙarshe kyauta, kuma babin farko kaɗai ya isa ya nuna miki yanayinsa. Daga dama ake karantawa zuwa hagu, kamar yadda muke buɗe littafin Larabci, don haka ba zai ba ki wahala ba.

Maman Sadik:
Na gode, Malam Nasiru. Zan duba da daddare idan sun yi barci.

Musa Maraɗi:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malam Habibu ta ɗazu, cewa masu karatu na waje sun yi tasiri. Ni ina ganin gaskiya ne, kuma ban ɗauke shi aibi ba. A da, sai labari ya yi shekaru a Japan, an mayar da shi fim ɗin zane, sannan mu a nan mu ji sunansa. Naruto da Bleach ta talabijin da faifai suka iso mana, bayan an daɗe da yanke hukunci a kansu. Yanzu babi yana fita a Tokyo da tsakar daren Litinin, mu kuma muna buɗe shi a waya da ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, a lokaci guda da mai karatu na Japan. Kagurabachi ya tara jama'arsa a duniya yana kan takarda, babu fim, babu waƙar buɗewa, babu muryoyin 'yan wasa. Kamfanin Viz ya fara fitar da bugun Turanci a Nuwamba 2024, kamfanin Kana kuma ya fitar da na Faransanci a 2025, wanda ga mu masu karatu da Faransanci ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa Faransa tana cikin manyan kasuwannin manga a wajen Japan. Mujallar da a 1995 take buga kwafi miliyan 6.53 a mako, yau abin da take bugawa a takarda bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba, dole ta saurari wanda yake karatu daga nesa.

Malam Habibu:
Malam Musa, ka ƙarfafa maganata ne ta wata fuska. Na sassauta a kan cewa da an rufe shi, domin hujjar Abdulkarim ta MamaYuyu ta nuna hayaniyar waje kaɗai ba ta ceton labari. Amma ina nan a kan cewa ana gaggawar ɗora masa rawani. Labaran mako-mako da yawa suna fara da ƙarfi, sai nauyin zana shafi goma sha tara kowane mako ya gajiyar da mai su, ko kuma a yi ta ƙara sababbin abokan gaba har a manta da tambayar da aka fara da ita. Takubba shida ne aka sace, ga ƙungiyar Hishaku, ga Kamunabi, hukumar matsafan gwamnati, da ba a gama sanin cikinta ba, ga tsofaffin masu riƙe da takubban kowanne da tarihinsa. Wannan kaya ne mai yawa a kan matashin da wannan ne dogon labarinsa na farko. Sai na ga yadda zai sauke shi kafin in sa shi a layi ɗaya da waɗanda suka gama nasu.

Zainab A.:
Wannan sharaɗi ne na adalci, Malam, kuma na yarda da shi. Sai dai ka ci gaba daga inda ka tsaya ka kai sashen Samura, makahon nan mai takobi, domin a can ne aka mayar da tambayar alhaki kan waɗanda suka riƙe makaman da hannunsu. Idan ka kai, ina so in ji ko har yanzu kana ganin an mayar da kisa ado.

Malam Habibu:
Zan karanta, in sha Allahu. Wani ya faɗa mini daga babi na nawa sashen ya fara, domin na tsaya ne daidai ƙarshen gwanjo.

Abdulkarim:
Ai kana bakin ƙofa, Malam. Ci gaba kawai daga inda ka ajiye, babi kaɗan ne tsakani.